Kular ruwa ko ta iska? Amsoshin tambayoyinku kan sanyaya furosesa

Tambaya: Malam, na sayi Ryzen 5 5600, na kuma tarar da fanka a cikin kwalinsa. Ta isa in ƙure masa gudu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Fankar AMD mai suna Wraith Stealth ke nan, an ƙera ta don wat 65 na gudun da kamfani ya saita. Aikinta ke nan, kuma tana yin sa. In ka ɗora mata ƙari, ƙararta ma sai ta kore ka daga ɗakin kafin zafi ya kori furosesan. Nemi kula, wato na'urar sanyaya furosesa, mai hasumiya ɗaya ta faranti irin Hyper 212, ka shiga BIOS, shafin saitin madabod, ka kunna PBO, tsarin AMD mai ƙara gudu da kansa, ka koma karatunka. Madabod ɗin, wato babban allon da furosesa ke zama a kai, ya zama B550 ko X570, domin A520 ba ya ba da damar ƙure gudu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Karon farko ke nan zan haɗa kwamfuta da hannuna. Na sayi Core i5-13600K da madabod Z790, kuma ina son in yi obakulokin, wato in ƙure masa gudu. Mai shago ya nuna min kular ruwa mai fanka ɗaya, mai fitilu kala-kala, ya ce ruwa ya fi iska sanyi ko a ina. Ban san kamfanin ba, amma tana da araha. In saya? Daga wani matashi a Sakkwato.

Amsa: Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna, ka gyara zama. Wannan tambaya ta fi kowace yawan zuwa min, kuma duk lokacin da na gan ta sai raina ya ɓaci, don na san yadda labarin ke ƙarewa.

Mu fara da furosesan. Za ka ga an rubuta wat 125 a bayanansa, masu shago kuma da wannan lamba suke auna maka kula. A ƙasanta akwai wata lambar da Intel ɗin da kanta ta rubuta, wat 181, wato abin da yake ja in aiki ya yi nauyi, tun kafin ka taɓa komai. Da ka fara ƙara masa boltej, haura 200 ba wuya. Zafin kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da abin da ka ƙara. Boltej sau boltej ake lissafawa, don haka ƙarin kashi 10 cikin 100 na boltej yana jawo ƙarin zafi kusan kashi 21, ban da na gudun kansa. Shi ya sa Intel ba ta saka fanka a kwalin furosesa mai K, wato wanda aka buɗe don ƙure gudu. Ta san wanda ya saye shi zai nemi babba.

Sai inda masu kallon YouTube ke faɗawa rami. Kula, ta ruwa ce ko ta iska, ba firij ba ce. Ba ta ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi kawai take yi ta zuba wa iskar ɗakinka. Baturen da ka gani yana gwaji yana nuna digiri 78, a ɗaki mai digiri 22 zuwa 25 yake zaune. Kai kuwa a Sakkwato kake, inda a watan Afrilu zafi ke wuce 40. In ɗakinka ya kai 38, ka ɗora wajen digiri 15 a kan lambar da ya nuna. Ka kai 93 ke nan, alhali a 100 furosesan ke rage gudunsa da kansa don ya tsira. Ka biya kuɗin K, ka biya kuɗin Z790, sannan da bazara ta kama ka riƙa samun gudun da bai kai na wanda bai taɓa komai ba. Wannan ai an yi ba a yi ba.

Yanzu ita amaryar taka mai fitilu. Lagiretonta milimita 120 ne, fanka ɗaya. Ruwan da ke ciki ɗan aike ne, yana ɗauko zafi ya kai wa lagireto, faɗin lagireton shi ne ainihin ƙarfinta. Mai fanka ɗaya ba ta fi kular iska ta matsakaicin kuɗi ba, sau da yawa ma ba ta kai ta ba. Ga famfo a ciki, yana juyawa muddin kwamfuta na kunne, kuma na kamfanin da ba a sani ba babu mai ce maka ga ranar da zai tsaya. An taɓa kawo min wata kwamfuta da ke mutuwa minti biyu bayan an kunna ta. Fitilu na ta rawa, ja, kore, shuɗi, fanka na juyawa lafiya lau. Na kama bututun biyu da yatsu, ɗaya zau kusa da furosesa, can wajen lagireto kuwa sanyi ƙalau. Famfon ya daɗe da mutuwa, mai ita yana ta kallon fitilu yana zargin Windows. Ko famfo bai mutu ba, ruwan yana raguwa a hankali cikin shekaru, ƙurar hunturu kuma tana like ƙananan ramukan lagireto kamar an yaɓa laka.

Kular iska fa? Tulin faranti ne da bututun tagulla da fanka. Abu ɗaya ne a jikinta ke iya mutuwa, fankar, kuma fanka mai milimita 120 kowace kasuwar kayan kwamfuta za ka samu, ka canza cikin minti biyar. Ko ta tsaya ma, ƙarfen yana riƙe zafin har ka ankara.

Don haka nemi mai hasumiya biyu. Thermalright Peerless Assassin 120 mai bututu shida ita nake fara ambata wa kowa, don aikinta ya fi kuɗinta. DeepCool AK620 ma haka. In aljihu da nauyi, Noctua NH-D15, wadda kamfaninta na Ostiriya ke ba wa garantin shekara 6. Amma ɗauko abin awo kafin ka biya: NH-D15 tsayinta milimita 165 ne, AK620 kuma 160, kes, wato akwatin kwamfuta, da yawa ba sa rufuwa a kansu. Duba tsayin RAM ɗinka ma, musamman masu dogon kambu, don fankar gaba a kansu take zama. Ka kuma tabbata akwai maƙalan LGA1700, wato mazaunin furosesanka a madabod, a kwalin, domin ramukansa sun bambanta da na LGA1200, tsohon kaya kuma yana nan jibge a shaguna.

In ka rantse sai ruwa, to lagireto 280 ko 360 na kamfanin da aka sani, irin Arctic Liquid Freezer. Ka ɗaura shi a saman kes, yadda famfo ba zai zama shi ne mafi tsayi ba, kada iskar da ke ciki ta taru a kansa.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi. A 2024 Intel ta amsa cewa boltej mai yawa yana lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta ƙara shekara 2 a garanti. Naka yana cikin dangin. Sabunta BIOS kafin komai, kuma a kan UPS, kada a ɗauke wuta aiki na tsaka. Ni a wannan ƙasa tamu rage boltej nake fara yi, ba ƙarawa ba: gudu na nan yadda yake, zafi ya sauka, fanka ta yi shiru. Bayan nan ka buɗe HWiNFO, manhajar nuna zafi, ka saki Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti 30 da ƙarfe biyu na rana, ba da asuba ba. In ka zauna ƙasa da digiri 85, sannan mu yi maganar ƙari.

Tambaya: Na ɗaura sabuwar kula babba, amma ina kunnawa zafi ke kai 100. Daga wata mai aikin zane a Maraɗi.

Amsa: Malama, kwance ta ki duba ƙasanta. Akwai 'yar leda da aka manna, har da rubutun a cire kafin a ɗaura. Ki cire, ki goge, ki sa sabon man sanyaya, wanda ake sawa tsakanin furosesa da kula. Ba ke kaɗai ba ce.

Tambaya: Man sanyaya ya ƙare min. Wani ya ce man goge baki yana yi. Daga Jos.

Amsa: Yana yi wa haƙora. A kan furosesa bushewa zai yi. Sayi Arctic MX-4, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurori bi da bi, wannan kusurwa sannan mai fuskantarta.

Tambaya: Na cire murfin kes na saita masa fankar ɗaki. Da laifi? Daga Kumasi.

Amsa: Zafi zai ɗan sauka, ƙura kuma ta samu ƙofa. Mayar da murfin, ka sa fanka biyu a gaba masu jawo iska ta cikin raga, ɗaya a baya mai fitarwa. Duk wata ka wanke ragar. In za ka busa ciki da bulowa, riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa.