Kabsata Tana Caɓewa, Tuwona Ba Ya Haɗuwa: Hannuna Ne Ko Shinkafar?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni 'yar Kano ce, aure ya kawo ni Makka, muna zaune ta wajen Shara Mansur. Yarana a nan aka haife su, ba su da abinci sai kabsa, shinkafar nan ta Saudiyya da ake dafawa a romon nama da kayan ƙamshi. Shi kuwa maigida, in bai ci tuwo da dare ba gani yake da yunwa ya kwana. Matsalata ita ce in na dafa kabsa sai ƙasan ya caɓe alhali saman bai nuna ba, kuma ba ta ƙamshi irin ta maƙwabta. In na tuƙa tuwon shinkafa kuma sai ya ƙi haɗuwa, yana wargajewa a hannu. Buhun basmati mai kilo 10 muke saya, da shi nake yin komai. A gida ba a taɓa raina girkina ba. Don Allah a taimaka mini, hannuna ne ya lalace ko me?

Wata uwargida, daga Makka

AMSA

Wa alaikumus salam uwargida. Kwantar da hankalinki, hannunki yana nan yadda kika zo da shi daga Kano. Ke da kanki kin kama ɓarawon ba ki sani ba, a wajen da kika ce buhu ɗaya kike yin komai da shi. Shinkafar da ke yin kabsa mai kyau ba za ta taɓa yin tuwo ba, wadda ke yin tuwo kuma in kika zuba ta a romon kabsa fate za ki sauke.

Shinkafar da ke kasuwannin nan kusan duk shigo da ita ake yi, mafi yawa daga Indiya, in ban da jar shinkafar Hasawi da ake nomawa a Al-Ahsa, wadda tsadarta ba ta barin a ci ta kullum. In kika tsaya gaban buhuna za ki ga farar basmati, wadda mutanen Hijaz ke ce wa bashawar. Za ki ga mazza, mai ɗan ruwan ɗorawa, wani buhun a rubuta mata sella. Ita ma basmati ce, gumi kawai aka yi mata kamar yadda ake yi a gida: a jiƙa shanshera, a turara, a shanya, sannan a cashe. Akwai ta Amurka, doguwa, ita ma gumammiya, wadda ta fi kusa da shinkafar da kika saba yin dafa-duka da ita. Sai kuma ruz masri, gajeriyar shinkafar Masar mai ƙiba.

Bambancin yana cikin sitaci. Kowace ƙwayar shinkafa tana ɗauke da sitaci iri biyu, amilos da amilofektin. Amilofektin shi ke kawo danƙo. Amilos kuwa shi ke sa ƙwaya ta tsaya da ƙafarta, in ta huce ma ta ƙara tauri. Basmati tana da amilos fiye da ta Masar, shi ya sa take yin wara-wara, shi ya sa kuma ko hannunki zai ƙage da tuƙi ba za ta ba ki malmala mai laushi ba. In an yi mata gumi abin ya ƙara nisa, domin turarar ta riga ta ɗaure sitacin a cikin ƙwaya.

To, maganar tuwon maigida ba ta da tsawo. Ki sa a sayo miki ruz masri, ko ƙaramin buhu mai kilo 2 ya isa gwaji. Ki wanke sama-sama, kada ki yi ta murza ta, domin sitacin nan da ke sa ruwa ya yi fari shi kike nema. Ki jiƙa ta kamar rabin awa. Kofi ɗaya na shinkafa, ruwa kofi uku ko uku da rabi. Ki bar ta ta yi ta dahuwa a kan matsakaiciyar wuta har in kika ɗauki ƙwaya kika murza tsakanin yatsu ba ki ji komai a tsakiya ba. Kada ki kai muciya kafin nan, yawancin gudajin tuwo daga gaggawar tuƙi suke. In kin tuƙa, ki rufe ya sulala minti biyar zuwa goma a ƙaramar wuta, ki sake tuƙawa, ki kwashe. Ba ya buƙatar ɗauri da gari ko semo. Da wannan shinkafar dai mutanen Ɗa'if da Makka ke yin salik ɗinsu, wanda ake dafawa da romo da madara har ya yi luguf, don haka ba za ki sha wahalar samunta ba.

Yanzu sai kabsa, kuma a nan zan ɗan jima.

Abin da ke sa ƙasa ya caɓe sama bai nuna ba, al'adar da muka taso da ita ce. Shinkafarmu ta gida mai haƙuri ce. Mu zuba ruwa da ido, mu buɗe mu duba, in bai isa ba mu yayyafa wani, mu juya, mu rufe, ta kuma fito lafiya. Farar basmati ba ta ɗaukar wannan. Duk buɗewar da kika yi tururi kike kora, alhali tururin ne ke dafa shinkafar da ke sama. Ruwan da kika ƙara kuma ba ya tsayawa a sama inda ake buƙatarsa, gangarawa yake yi ƙasa ya samu wadda ta riga ta nuna ya narkar da ita. In aka haɗa da juyi da ludayi, dogayen ƙwayoyin su kakkarye su saki sitaci, sai caɓi. Tukunya ma tana da nata laifin. Doguwa mai ƙunci da siririn gindi ba ta yin kabsa. Nemi mai faɗi, mai kaurin gindi, wadda murfinta ke zama daram.

Shawarata gare ki ita ce ki koma mazza tukun. Ta fi yafiya, kuma da ita gidaje da yawa ke yin kabsa da 'yar uwarta ruz bukhari. In kika ga an rubuta 1121 a jikin buhu, sunan irin ne, wanda masu bincike a Indiya suka fitar a 2003. Ƙwayarsa doguwa ce sosai, tana kuma ninka tsawonta in ta dahu, don haka ki bar mata fili a tukunya.

Ki wanke ta har ruwan ya washe, akasin yadda na ce miki a ta tuwo. Mazza tana son jiƙo na awa ɗaya ko fiye, fara kuwa minti 20 zuwa 30 ya ishe ta, in ta wuce haka sai ta riƙa karyewa. Jiƙon nan shi ke sa ruwa ya kai tsakiyar ƙwaya tun kafin ta hau wuta, ciki da waje su nuna tare. Ki tsane ta sosai a kwando.

Ƙamshin da kike ji daga gidan maƙwabta daga romo yake fitowa, romon kuma daga albasa yake farawa. Ga kaza mai kilo ɗaya da shinkafa kofi uku, ki yanka manyan albasa biyu ki soya a mai ko man shanu. Kada ki tsaya a laushi kawai, ki bar ta ta yi ja har gefenta ya fara duhu, amma ba ƙonewa ba. Wannan zai ci minti goma ko fiye, kuma a nan mata da yawa ke yin sauri su rasa rabin ɗanɗanon. Sai ki jefa kayan ƙamshi yadda suke, ba dakakku ba: hel (cardamom) kamar ƙwaya shida da kika ɗan fasa bakinsu, kanumfari huɗu, sandar kirfa ɗaya, ganyen gar (bay leaf) biyu, 'yan ƙwayoyin masoro, da lumi biyu, wato busasshen baƙin lemun tsamin nan da ke cike a shagunan kayan ƙamshi. Lumi ki huda shi da bakin wuƙa kawai. In kika farfasa shi 'ya'yan suka zube a romo, ɗaci za ki ci. Ki juya su a mai kamar minti ɗaya, za ki ji kicin ya ɗauka. Ki sa tafarnuwa da citta, ki zuba kazar ki juya har fatarta ta canza launi.

Tumatir uku markaɗaɗɗu da cokali biyu na tumatirin gwangwani sun isa. Kabsa ba ta son ja irin na dafa-duka. Ki soya har ruwan tumatirin ya ƙone mai ya taso, sannan ki sa cokali ɗaya na haɗin garin kabsa, ko ki haɗa naki da kammun (cumin) da kuzbara (coriander) da ɗan kurkum. Abu ɗaya zan roƙe ki: kori da tayim su zauna a cikin kwaba ranar. Na san hannu ya saba kai musu, amma da sun shiga tukunyar ta koma dafa-duka, yaran da suka tashi a Makka kuwa a loma ta farko za su gane. Dunƙulen maggi ma ɗaya ya isa, in ma sai kin sa.

Ki zuba ruwan zafi ya rufe kazar, in ya tafasa ki kwashe kumfar da ta taso, ita ce ke riƙe ƙarnin kazar firiza. Ki tuna kajin nan ba kajin Hausa ba ne. Minti 25 zuwa 30 sun nuna, in kika bar su har shinkafa ta dahu sai dai ki tsinci ƙashi. Ki tsame kazar ki ajiye gefe. In naman rago ne, ko irin na'imi ne ko harri na nan ƙasar ko sawakni da ake kawowa daga Sudan, ki ba shi awa ɗaya da rabi ko fiye, gwargwadon shekarun dabbar.

Ga inda za ki ajiye ido ki ɗauki kofi. Ki juye romon ki auna shi da kofin da kika auna shinkafa. Mazza kofi uku tana son romo kofi biyar, ko biyar da kwata in tsohuwar ajiya ce, domin shinkafar da ta daɗe ta fi shan ruwa. Fara kofi uku kuwa huɗu da rabi. Ki ɗanɗana romon: gishirin ya ɗan zarce na miya kaɗan, shinkafar za ta shanye. In ya tafasa ki zuba shinkafar da gurzajjen karas in kina so, ki juya sau ɗaya tak. Ki bar ta a buɗe a kan wuta mai ƙarfi har ruwan ya sauka daidai fuskar shinkafa, ki ga 'yan ramuka sun fito suna huci. Daga nan ki rage wuta iya ragewa, ki shimfiɗa takardar foyil ko tsaftataccen ƙyalle a bakin tukunya, ki danna murfi. Mazza minti 20 zuwa 25, fara 15 zuwa 18. Ko wa ya ce ki duba, kada ki duba. In kin kashe wuta ki ƙara mata minti goma a rufe, sannan ki warware da cokali mai yatsu. In gas ɗinki ba ya raguwa sosai, ki sa faifan ƙarfe tsakanin wuta da tukunya don kada ta kama.

Kafin shinkafa ta sauka, ki shafa wa kazar ɗan mai ki sa a oben mai zafin digiri 200 ko sama kaɗan, minti goma zuwa sha biyar, ta yi ja. A nan kam ina goyon bayan ki barbaɗa mata yajin ƙuli-ƙuli. Ba baƙon abu ba ne a garin nan, tsiren da kakanninmu suka kawo ya daɗe da zama abincin mutanen Makka. A gefe ki yi daggus: ɗanyen tumatir, tafarnuwa, koren barkono, ganyen kuzbara, gishiri da ruwan lemun tsami, ki markaɗa. Duk yajin da kike marmari ki tura shi can, kada ki sa attaruhu a cikin shinkafar.

Tunda girki biyu ke kanki kullum, ga abin da zai rage miki tsayuwa. Ki dafa kaji biyu ko nama mai yawa a farin romo, da albasa da citta da tafarnuwa da masoro kawai. Ki ɗebi rabi ki ajiye don miyar dare. Ɗaya rabin shi za ki zuba a kan soyayyar albasa da kayan ƙamshi da tumatir, ki bar shi ya tafasa minti goma kafin shinkafa ta shiga. Dole rabon ya zo kafin hel da kirfa da lumi, domin ba sa shiri da daddawa ko kaɗan, miyar kuka mai ƙamshin hel ba mai iya shanta.

Kuka da daddawa da manja ba sai na nuna miki hanya ba, kina zaune a inda ake sayar da su. Ranar da suka yanke kuwa, mulukiyyar da ke cikin firizar manyan kantuna lalonmu ne, an riga an yanka shi ƙanana. Ki zuba a romo mai zafi da daddawa da dakakken busasshen kifi, kada ki rufe tukunyar, kada kuma ki bar shi ya daɗe yana tafasa, in ba haka ba yauƙin ya tsinke. Busasshiyar kuɓewa kuma ki tambayi weka a shagunan 'yan Sudan, dakakkiya suke sayar da ita, ki kaɗa da maburgi yadda kika saba.

Sauran shinkafa kada ta kwana a kan murhu. Zafin Makka yana haura digiri 40 da bazara, dafaffiyar shinkafa kuma tana da wata ƙwayar cuta da ke tsira daga tafasa, in ta samu ɗumi ta hayayyafa ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Ki baza ta a faranti ta huce, ki sa a firij cikin awa ɗaya, a cinye washegari. Romon da kika ware kuwa zai yi kwana uku a firij, in a firiza ne ki zuba shi a ƙananan robobi daidai miyar dare ɗaya, don kada ki riƙa narkarwa kina mayarwa.