TAMBAYA DA AMSA: Abokaina sun matsa in bi su baƙar hanya a kan dutse

Tambaya: Salamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Ostiriya, hunturun da ya wuce na koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kuma alhamdulillah yanzu ina sauka a jar hanya ba tare da na faɗi ba. To abokaina sun matsa wai bana sai mun shiga baƙar hanya, har akwai mai cewa mu bar hanyar gaba ɗaya mu bi bayan dutse inda ba a share ba. Don Allah miye bambancinsu kuma na kai in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu ka haɗa a tambayarka kuma wallahi ba ɗaya ba ne, bari mu raba su.

Na farko launi. A Turai shuɗi mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi na ƙwararru, Faransa ma tana da kore na 'yan koyo. A Amurka da Kanada kuwa alamar baƙin daimon suke sawa, mafi wuya su sa guda biyu. Amma ka sani kowane wurin wasa shi yake raba wa hanyoyinsa launi, galibi yana kwatanta su ne da junansu, shi ya sa baƙar wani wuri za ka sauka lafiya lau, jar wani wurin kuma ta sa gwiwarka rawa. Tunda kana Ostiriya ga misali kusa da kai, baƙar hanyar Harakiri da ke garin Mayrhofen gangarenta ya kai kashi 78 cikin ɗari, wato wajen digiri 38, a takarda kamar ba komai amma in ka tsaya a bakinta ka leƙa ƙasa za ka ga kamar hanyar ta yanke ne, mutanen da ke ƙasa sun zama 'yan ƙanana, kuma in safiya ce ƙanƙarar ta daskare tana ƙyalli, in ka faɗi ba tsayawa za ka yi ba, sulalewa za ka yi ta yi har gindin gangaren. Hanyar Streif ta garin Kitzbühel, ita ma a Ostiriya, inda ake gasar zamiya ta Hahnenkamm, akwai wurin da ya kai kashi 85. Wata baƙar kuma ba tsayin gangare ne matsalarta ba, tuddai ne birjik kamar kunyoyin gona waɗanda juyin mutane ya tara, irin na Chavanette a kan iyakar Faransa da Suwizalan, nan cinya ce take shan wuya.

Shin ka kai? Rashin faɗuwa ba shi ne ma'auni ba. Ka gwada kanka a jar hanya mafi gangare, ranar da ƙasa ta yi tauri: kana iya gajerun juyi a jere kana riƙe da gudunka, kana iya tsayawa cak a inda ka ga dama, kana iya zamewa a kaikaice sannu a hankali in wuri ya fi ƙarfinka? In eh, ɗauki malamin koyarwa na yini ɗaya ku shiga baƙa mai sauƙi tare, da hular kwano a kanka, kuma kar ka bari sai yamma lokacin da ƙafa ta gaji.

Na biyun shi ne ya fi damuna, wato barin hanya. A Turai da zarar ka wuce sandunan da aka kakkafa a gefe, galibi ba wanda ya duba maka wurin, ba wanda ya tabbatar dusar ba za ta zaftaro ba. Zaftarewar nan ta fi faruwa a gangaren digiri 30 zuwa 45, daidai irin wanda gwanaye suke so. Ana fitar da hasashen haɗari kullum daga mataki 1 zuwa 5, kuma a mataki 3 aka fi rasa rayuka saboda mutane suna ganin ai tsakiya ne. Wanda dusa ta binne, in aka tono shi cikin minti 15 yawanci yana rayuwa, bayan nan numfashi ke ƙarewa, kaga kenan abokan tafiyarka ne za su cece ka ba jirgin ceto ba. Shi ya sa kowa sai ya rataya na'urar aika sigina a jiki, da sandar laluben mutum da shebur a jaka, kuma ya iya aiki da su. Ka tambayi abokin naka mai zuga ku ko yana da su, ko ya taɓa gwada tono da su.

Ko dutse a ƙarƙashin dusa ya isa. Michael Schumacher, shahararren direban tseren mota, gwani ne a wasan zamiya, a Disamba 2013 a Méribel ta Faransa ya ɗan fita gefen hanya ya buga kansa da dutse ya ji mummunan rauni, duk da hular kwanonsa.

Ban ce kar ka taɓa zuwa ba, wuraren suna da kyau na ban mamaki. Hanyar Vallée Blanche a Chamonix ta Faransa ana fara ta daga dutsen Aiguille du Midi mai tsayin mita 3,842, tafiyar wajen kilomita 20 a kan daskararriyar ƙanƙara mai tsagogi masu zurfi da dusa ke rufewa, kuma ko waɗanda suka daɗe a harkar ɗan jagora mai lasisi suke ɗauka. Bana dai ka tsaya cikin sanduna ƙanena, kuma kafin ka tafi ka duba inshorarka ko ta haɗa da kuɗin ceto a kan dutse, don wasu ba sa biya in a wajen hanya abin ya same ka.