Wai alƙalai sun fi tausaya wa mata?

Tambaya: Malam don Allah da gaske ne in mace da namiji suka yi laifi iri ɗaya, ɗaurin macen ya fi sauƙi?

Amsa: Eh, sau da yawa haka ne. Binciken da wata farfesar shari'a, Sonja Starr, ta yi a 2012 a kotunan tarayyar Amurka ya gano ɗaurin maza ya fi na mata tsawo da kusan kashi 63 cikin 100. Alƙali yakan duba ko tana da ciki ko goyo, ko janyo ta aka yi cikin laifin, kuma Dokokin Bangkok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 (kan yadda za a bi da matan da suka yi laifi) ma sun ce a nema wa irinsu hukuncin da ba gidan yari ba in laifin bai yi muni ba. Ni dai abin da ke damuna uban da shi kaɗai ke riƙe da yaransa, ba kasafai ake duba nasa ba.