Me ya sa ttyUSB0 ke komawa ttyUSB1?

Malam, ka ce na'urar duba batirin solar shagonka a Sakkwato da ke haɗe da kwamfuta ta wayar USB, yau sunanta a Linux ttyUSB0, gobe ttyUSB1. Kernel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba ya riƙe suna. In wayoyin USB biyu ne, wadda ta fara bayyana ita ke ɗaukar ƙaramar lambar da ba kowa a kai, shi ya sa da wuta ta ɗauke ta dawo sai su musanya.

Leƙa foldar /dev/serial/by-id don samun suna tsayayye. Sunayen can udev, manhajar Linux mai kula da na'urori, ke haɗa su daga kamfani, samfuri da lambar siriyal. Amma in wayoyinka masu arahar nan ne masu chip ɗin CH340, wato 1a86:7523 a lsusb (umarnin da ke jera na'urorin USB), ba su da siriyal, sunayen guda biyu karo za su yi. Sai ka koma /dev/serial/by-path, inda suna ke bin ramin USB, kowace waya ta zauna raminta, kada a sauya. Ni dai waya mai chip ɗin FTDI zan saya, tunda tana da siriyal, ko da ta fi tsada.