Za mu buɗe gidan marayu: da me ya kamata mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata ta samu kyautar gida mai ɗakuna takwas, muna so mu mayar da shi gidan marayu, musamman don jariran da ake tsinta an yasar. Mun yi lissafin gadaje talatin da masu raino huɗu. Me ya rage mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai lissafin nan yana buƙatar gyara, kuma gyaran yana wajen masu raino.

Mako guda awa 168 ne. Ma'aikaciya tana yin awa 40 zuwa 48, saboda haka gurbi ɗaya da ba ya rufewa dare da rana yana cin mutum kusan huɗu. Ke nan masu rainonku huɗu, idan aka raba musu aiki da hutu, mace ɗaya ce a kan yara talatin a kowane lokaci. Sabon jariri kuwa yana shan madara kamar sau takwas a kwana guda, kowace shayarwa ta ci minti ashirin. Jarirai goma kaɗai sun cinye fiye da awa 26, ba a zo kan wanka da canjin ƙunzugu ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: a tokare kwalbar madara da tsumma a bakin yaro a wuce na gaba. Daga nan sai ƙwarewa, madara ta bi ta huhu, ko ciwon kunne ya yi ta dawowa. Jariri ya yi kuka ba mai zuwa, gobe ma haka, har ya daina. Baƙi su shigo su yaba da natsuwar ɗakin, alhali shirun nan shi ne babbar alamar matsala. Shawararmu: mai raino ɗaya kada ta wuce jarirai uku, kuma kullum su kaɗai ne nata. Yaro yana shaƙuwa da fuska ɗaya ne, ba da jadawalin aiki ba.

An ga wannan ƙarara a Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin shugaban ƙasar, Ceaușescu, a 1989. A farkon shekarun 2000 masu bincike suka bi yara 136 daga gidajen marayu na Bukarest, babban birnin ƙasar, aka kai rabinsu hannun iyayen riƙo, rabi suka zauna. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi sauran ci gaba a fahimta da shaƙuwa. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa tare da iyayensu suka ce yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata ya tashi. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar ta 1989 ma, a sashe na 20, ta ambaci riƙo da kafala irin ta shari'ar Musulunci.

Don haka ku ɗauki gidan a matsayin zango ga jarirai, na makonni ko 'yan watanni, ku zuba ƙarfinku wajen nemo iyalan da za su riƙe su, a tantance su, a riƙa kai musu ziyara da tallafi.

Kafin ku karɓi ko yaro ɗaya, ku samu lasisi daga hukumar da ke kula da walwalar yara. Ranar da aka kawo tsintaccen jariri, asibiti ne farko, sannan rahoto ga 'yan sanda da hukumar. A rubuta wurin da aka same shi, lokaci, da wanda ya tsince shi. A ɗauki hotonsa, a adana zanen da aka naɗe shi da duk wata takarda ko abin wuya. Kada a wanke a raba wa wasu. Da waɗannan ake gano dangi, kuma su ne zai tambaya idan ya girma. A yi masa rajistar haihuwa, a buɗe masa katin rigakafi. A sake duba maganar kowane yaro aƙalla duk wata uku: an samu dangi? Akwai mai riƙo? Wa da ƙani kuwa ba a raba su.

Ku sa ido sosai a ƙofar shiga. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na yaran gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Da zarar an ji akwai gida mai abinci da makaranta, iyayen da talauci ya matsa za su fara kawo nasu. Irin wannan uwa tallafi take buƙata a gidanta, kuma yawanci ya fi araha a kan gado guda a wajenku.

A wajen haɗa madarar gari, a tafasa ruwa, a zuba garin tun ruwan bai yi ƙasa da zafin digiri 70 ba, a huce kafin a bayar, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, kowa da gadonsa.

Manyan yara, idan dole sai sun zauna, a kasa su gida-gida, shida zuwa takwas da uwa ɗaya tsayayya, su je makarantar unguwa da sauran yara, su koyi girki da riƙe kuɗi tun kafin ranar fita. A bincika tarihin kowane ma'aikaci, kada a bar baƙo shi kaɗai da yaro, kada a yi neman taimako da hotunansu. Idan kuka ga yaro yana rugawa ya rungume duk wanda ya shigo, wataƙila bai shaƙu da fuska ɗaya ba ne: ku duba sau nawa aka canza masa mai raino a watannin baya.