Ga ƴar'uwar da ta yi tambaya kan ranar hutu da lissafin wata

Ƴar'uwa da kika ce maigidanki ya rungumi koyarwar nan cewa da jinjirin wata ake ƙirga Asabar ta gaskiya, 8, 15, 22 da 29 ga watan Ibraniyawa, yanzu kin rasa ranar da za ki huta, sannu, na san ciwon nan. Mu ƙanin maigidana ne ya kwaso mana ita. Wannan watan hutunsa Talata, wancan Laraba, ya hana ƴaƴansa makaranta, duk muka haƙura. Amma ranar da muka binne mahaifiyata, ko ƙurar maƙabarta ban wanke a ƙafa ba, mutumin nan ya zauna cikin ƴan gaisuwa ya ce wai mama rana ta bauta wa tunda Lahadi take zuwa sujada, wai Lahadi ranar masu bautar rana ce. Matar da take share majami'a tun kowa na barci! Ko ruwa ban iya haɗiya ba ranar, kuma har yau bai ce min yi haƙuri ba.

Ki tambayi maigidan a hankali, ba gaban yara ba, wata kwana 29 ne ko 30, to kwanakin da suka yi saura ina za a sa su? A Fitowa 16 manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, kwana shida take sauka na bakwai babu, shekara 40, ba inda aka ce tsayuwar wata ta katse lissafin. Yahudawan ma har gobe daga faɗuwar rana Juma'a zuwa daren Asabar suke hutu. Zai ce miki Paparoma ya canza kalanda a 1582, eh an tsallake kwana 10, amma Alhamis 4 ga Oktoba, washegari Juma'a 15, ka ga jerin ranakun mako bai canza ba. Zai kawo dokar Sarki Konstantin na Roma ta shekarar 321 da ta mai da Lahadi ranar hutu, alhali tun Ayyukan Manzanni 20:7 masu bi na taruwa ranar farko ta mako.

Ni ba ni da rigima da masu Asabar, ƴan'uwanmu Adventist na wajen Jengre ita suke riƙe, a Habasha ma Asabar da Lahadi duka biyun ake girmamawa, ki duba Romawa 14:5. Ni dai Asabar nake gama wanki da niƙa, da yamma na rufe shago sai Litinin. Dan Allah kar ki yi gaba da shi, kar ki hana shi abinci, amma maganar makarantar yara ki tsaya da ƙafarki, in ya ƙi ki samu matar fasto ku je tare.