Tambayi Likita: Iskar rage zafi da mara lafiya ke zuƙa da hannunsa

Wata mai juna biyu daga Pantami ta rubuto cewa yayarta ta haihu a Ingila, an ba ta wata iska tana zuƙa da kanta lokacin naƙuda. Tana tambaya mece ce wannan iskar, kuma ba ta taɓa jariri?

Sunanta Entonox. Rabinta iskar naitiros oksaid ce, wadda ake kira iskar sa dariya, rabi kuma oksijin, haɗe a tukunya ɗaya. Tun shekarun 1960 ake amfani da wannan haɗin a ɗakunan haihuwa na Ingila. Daga tukunyar akwai tiyo, a bakinsa akwai takunkumin da za ki riƙe a fuska, mai bawul da ba ya buɗewa sai kin zuƙa, kina dainawa ya rufe. Tana ɗaukar kamar daƙiƙa 30 kafin ta kama, don haka da kin ji mara ta fara ɗaurewa za ki fara zuƙa, ba sai ciwo ya kai ƙarshe ba. Rage zafi take yi, ba ta kashe shi. Cikin 'yan mintuna ta fita ta numfashi, kuma ba ta cutar da jariri. Jiri, tashin zuciya da bushewar baki kam ana samu.

Wata daga Kumo ta ce ko ana samunta a nan.

Ba kowane asibiti ke da ita ba. Ki tambaya ranar awo. Akwai ta ko babu, a asibiti za ki haihu.

Wani magidanci daga Bajoga: "Likita, in matata ta galabaita, ni ko mahaifiyarta ba za mu iya riƙe mata takunkumin a fuska ba?"

A'a, malam. Na san tausayi ne ya sa ka tambaya, amma wannan tausayin shi ne haɗarin. Duk tsaron na'urar nan a hannun mai zuƙa yake. In iskar ta fara yi mata yawa, barci zai fara fizgarta, hannunta ya saki, takunkumin ya faɗo kan ƙirjinta, bawul ya rufe. Sai ta koma shaƙar iskar ɗaki, ta wartsake da kanta. Jikinta ne ke auna mata. To kai da ka danna mata shi a fuska, wa zai gaya maka ta ƙoshi? Za ta ci gaba da zuƙa har ta fita hayyacinta, in amai ya taso a wannan hali yana iya gangarawa huhu. Shi ya sa ko unguwar zoma ba ta riƙe wa mace, kuma ba a ɗaure shi da igiya a kai. Ka gaya wa Hajiya ta riƙe mata ɗaya hannun, ta shafa mata baya, ta yi mata addu'a. In kun ga ta kasa riƙewa da kanta, ku kira ma'aikaciya nan take, don wataƙila wani abin ne ke faruwa, kamar zubar jini. Kuma don Allah, masu kai wa mai naƙuda taramol a ɓoye cikin hijabi, ko masu kiran mai kemis ya yi allurar naƙuda a gida, ku ji tsoron Allah. Allurar nan tana fasa mahaifa.

Wani ɗan acaɓa daga Dukku ya faɗi, haƙarƙarinsa na ciwo, yana so a ba shi iskar.

Sai an duba ƙirjinka tukuna. Iskar nan tana shiga duk inda iska ta maƙale a jiki ta kumbura wurin, don haka ba a ba wanda huhunsa ya huje, ko ya bugu a ka, ko hanjinsa ya toshe. Ka je asibiti yau.

Na ƙarshe daga Tudun Wada. Ƙanensa yana zuƙar iskar sa dariya da ake ɗurawa a balan-balan a wajen biki, ya ce ai iskar asibiti ce, yanzu kuma ƙafafunsa sun fara yi masa dindiris, yana tafiya kamar mai taka auduga.

Iskar asibiti da oksijin take tafe, ta balan-balan kuwa zallar naitiros oksaid ce. Kowane zuƙo ƙwaƙwalwa ake hana wa oksijin, mutum yana iya sumewa ko ya mutu a wurin. Bayan haka tana lalata aikin bitamin B12, wanda laka da jijiyoyi suka dogara da shi. Alamun da ka lissafa na jijiya ne. A 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita, ba don wasa ba. Ya daina yau ɗin nan. Kada ku ɓata lokaci da tausa ko man zafi, kada kuma ku sayo ƙwayar bitamin ku ce an gama, allura ake yi bayan an gwada jini. In an kama da wuri ƙafa takan dawo, in an yi jinkiri takan bar nakasa. Ka kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Gombe gobe da safe, ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi. In fitsari ya fara kufce masa ko ya kasa tsayuwa, kada ku jira gari ya waye.